Wankan gawayi ba sana'a ba ce, kuma mu ne ke sayen gawayin

Jama'ar Guci, Dungas, Malawa, Dogo-Dogo, Waca da Magarya, masu karantawa da kansu da waɗanda ake karanta wa suna saurare, har da 'yan uwanmu da ke ci-rani a Kano, Legas, Agadas da Libiya. Maganar yau ba kowa za ta yi wa daɗi ba, mun sani. Wanda ta taɓa ya yi haƙuri ya ji ta har ƙarshe, in ya so sai ya zage mu a ƙasa, wurin a buɗe yake.

Akwai wata magana da ta kama bakin samarinmu a majalisun shayi da rumfunan cajin waya, wai yanzu duniya ta canza, hauka ma sana'a ce. In ka ce a kawo hujja, sai a jefo maka sunan Kabeer 2pac. Shi ne matashin nan na Kano da ya tashi hankalin TikTok a watan Afrilun 2025: yau ya shiga kwata ya yi wanka da ruwanta, gobe ya juye wa kansa garin gawayi tun daga ka har ƙafa, yana tsaye ƙiƙam mutane sun zagaye shi da wayoyi. Bai ɓoye dalilinsa ba, suna yake nema. Kuma ya samu. Miliyoyin mutane suka kalla, manyan kafofin labarai suka yi hira da shi, masu kuɗi suka kira shi suka yi masa kyauta a gaban kyamara. Shi ke nan sai yaranmu suka buga lissafi: buhun gawayi ɗaya ya fi gonar riɗi, ya fi shekara uku a kan kabu-kabu, ya fi takardar lakwal da ba ta kawo aiki.

Mu dai mun ce wannan lissafin ƙarya ne. Kuma tun da wuri a gane, ba da Kabeer muke faɗa ba. Yaro ne talaka da ya duba jikinsa ya ga shi kaɗai ne jarinsa. Da masu lissafin muke, da masu tafi, da masu kyautar, da mu kanmu da muke ƙona mega muna kallo muna cewa "Allah ya shirya" alhali yatsanmu na kan turawa gaba.

A fara da kuɗin, tunda a nan kowa ke kafa hujja. Jama'a da dama sun ɗauka duk kallo ɗaya da aka yi wa bidiyo, TikTok na ɗiga wa mai shi wani abu. Tsarin biyan kuɗi saboda yawan kallo yana nan, amma an keɓe shi ga wasu ƙasashe irin su Amurka, Ingila, Faransa, Jamus, Japan da Brazil. Nijar ba ta ciki, Najeriya ma ba ta ciki. Ko a can ɗin sai kana da mabiya 10,000, an kalli kayanka sau 100,000 cikin kwana 30, kuma bidiyon ya wuce minti ɗaya. Ke nan yaron Guci da ya buɗe shafinsa da lambar nan gida, ko duk mutanen jihar Damagaram sun taru sun kalle shi yana birgima a taɓo, kallon kaɗai ba zai sa masa ko dala a aljihu ba. Wanda ya ci riba shi ne kamfanin da ya samu idanun mutane yana sayar wa masu talla, sai kuma kamfanin waya da ya sayar da mega ga mai yi da masu kallo baki ɗaya.

Saura hanya biyu. Ta farko talla: wani mai shago ko mai maganin gargajiya ya biya ka ka ambaci kayansa. Wannan sai wanda ya riga ya yi nisa, kuma tana ɗorewa ne daidai kwanakin da ake yayinka. Ta biyu ita ce wadda yawancinsu ke rayuwa a kanta, wato shiga kai-tsaye a roƙi kyauta. Sai ka tara mabiya 1,000 kafin a buɗe maka wannan ƙofa. Daga nan ka zauna gaban waya tun bayan isha'i har asuba, kana kiran sunayen mutane, kana yi musu kirari, su kuma suna jefo maka 'yan hotuna da suka saya da kuɗi. Fure shi ne mafi araha, bai kai dala biyu ba. Zaki, wanda kowa ke mafarki, kuɗinsa ya haura jaka 200, kuma ba a kan kowa yake sauka ba. Duk abin da aka jefo, kamfanin ne ke fara yankar rabonsa, kusan rabi. A watan Oktoban 2022 BBC ta yi bincike a sansanonin 'yan gudun hijira na Siriya, inda ake jera yara a gaban waya suna roƙo na sa'o'i, ta gano cewa abin da kamfanin ke riƙewa yana iya kaiwa kashi 70 cikin 100. Abin da ya rage kuma ɗan Nijar ba ya iya cire shi kai tsaye kamar yadda yake karɓar saƙon Nita ko Amana. Sai ya bi ta hannun wani mai asusu a waje, shi ma ya gutsuri nasa.

To jama'a, mutum ya zauna yana kiran sunan masu kuɗi, yana nuna musu abin tausayi ko abin dariya a jikinsa don su jefo masa wani abu, me ake kiran wannan da Hausa? Bara. Ba wani suna. Ƙoƙon ne kawai ya zama waya.

Mu kuwa mutanen wannan yanki ba mu da bakin yin wasa da kalmar bara. Ba mu manta da watan Maris na 2022 ba, lokacin da wani gidan talabijin na Senegal ya nuna mata da yara 'yan Nijar suna kwana a titunan Dakar suna roƙo, gwamnati ta tura jirage aka kwaso mutum fiye da 1,000, aka kuma faɗa wa duniya cewa yawancinsu daga Kance da Magarya suka fito. Ranar nan babu wanda bai sunkuyar da kai ba. Sarakuna suka yi taro, malamai suka yi huɗuba, aka ce wannan abin kunya ba zai sake faruwa da sunanmu ba. Yau ga shi muna zuga 'ya'yanmu su yi irin wannan sana'a ba tare da sun biya kuɗin mota ba, kuma a gaban taron da ya fi na Dakar yawa nesa ba kusa ba. Matar da ta je Dakar, yunwa ce ta kore ta, kuma in ta dawo gida maganar na iya mutuwa. Bidiyo ba ya mutuwa. Yana nan a wayar wani a Jidda, yana jiran ranar da yaron zai je neman aure.

Wasu za su ce, haba, ai ban dariya ba yau aka fara ba, Bahaushe da ma yana da 'yan kama, yana da 'yan gambara, yana da wawan sarki, yana da gardawa masu wasa da kura da maciji. Gaskiya ne, kuma muna alfahari da su. Mu ba mutanen da ba su san raha ba ne. Amma wanda ya kawo wannan hujja bai zauna ya kalli ɗan kama da kyau ba. Ɗan kama yana da abin da ya iya. Ya san yadda zai juya karatun malamai ya mayar da shi zancen tuwo da miya har malamin da kansa ya yi dariya, kuma wannan sai da koyo a hannun na gaba, shekara da shekaru. Wawan sarki, duk da sunansa, shi ne ke iya faɗa wa sarki gaskiyar da waziri ke tsoron faɗa. A wasan kara na Damagaram samari ke shirya kayan sarauta da na hukuma da karan gero, wannan ya zama sarki, wancan gwamna, su kwaikwayi manya a gaban manya, kowa ya ga kansa a madubi. Yazi Dogo da ƙungiyarsa sun shekara da shekaru suna sa ƙasar nan dariya a rediyo da talabijin, suna caccakar cin hanci da son banza, ba su taɓa shiga kwata ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya rasu tun Disambar 2014, har gobe yara na maimaita maganganunsa. A duk waɗannan, dariyar da ake yi ta gwaninta ce. Ana tashi daga wurin ana cewa "kai, wane ya iya". Wanda ya juye wa kansa gawayi, me za a ce ya iya? Ko jariri aka ba buhun zai yi.

Kuma ga inda abin ya fi muni. Tunda ba gwaninta ba ce, kowa na iya kwaikwaya, kuma da an kwaikwaya ta zama tsohon yayi. Na'urar da ke zaɓa mana bidiyo ba ta san kyau ko muni ba. Abin da take aunawa shi ne daƙiƙa nawa ka tsaya, ko ka sake kallo, ko ka yi magana a ƙasa, ko ka tura wa wani. Mai yabo da mai tsinuwa duk ɗaya ne a wurinta, har ma mai tsinuwar ya fi amfani, domin ya fi daɗewa yana rubutu. Saboda haka wanda ya zo bayan mai gawayi dole ya yi abin da ya fi gawayi. A cikin watan Afrilun nan dai na 2025 Hisbar Kano ta kama wani saurayi da ya ɗauki kansa yana aikata ƙazanta da akuya, abin da bakinmu ba zai iya maimaitawa a nan ba, kuma da aka tambaye shi ya ce tashe yake nema. Daga kwata zuwa akuya, mako nawa ne? Wannan shi ne tsanin da muke cewa yaranmu su hau, kuma matakinsa na gaba kullum ƙasa yake yi.

Abin mamaki, kalmar ma ɗaya ce da ta wasan azumi. Amma tashen da muka sani yana da wata, yana da dare, yana da ranar ajiyewa. Yaro ya shafa toka, ya sa gemun auduga, ya zaga gidaje, ana sallah ya wanke fuska ya koma ɗan gidansu. Wannan sabon tashen ba shi da sallah.

Yanzu bari mu shigo gida, domin in muka tsaya a Kano za a ce gulmar maƙwabta muke yi. A garuruwanmu ba mu da masu mabiya miliyan, amma muna da abin da ya fi wankan gawayi zafi, domin mai gawayi aƙalla jikinsa ya ɓata da yardarsa. Kowane gari yana da bawan Allahn da hankalinsa ya taɓu, mai yawo a kasuwa da tsummoki, ko tsohuwar da ta rikice take magana ita kaɗai, ko kurma, ko mai in'ina, ko wada. Da can gari ne ke rufa musu asiri. Mai tuwo ta zuba masa, mai shayi ya miƙa masa kofi, in yara suka bi shi da jifa babba ya daka musu tsawa. Yau babban ne ke riƙe da wayar. A tsokane shi da sunan da aka san ba ya so, a jira ya fusata ya fara zage-zage ko ya tuɓe riga, a ɗauka, a ɗora masa kiɗa, a watsa a guruf-guruf na WhatsApp. Kafin la'asar ya isa Zandar, kafin dare ƙaninsa da ke aikin gini a Sabha ya gani. Ku tsaya ku auna wannan: kana ƙasar mutane, ka kwana uku ba ka ci mai kyau ba don ka tura wa gida jaka goma, ka buɗe waya ka ga yayanka uwa ɗaya uba ɗaya tsirara a kasuwar garinku, ga fuskokin dariya jere a ƙasa, kuma ka san masu dariyar ɗaya bayan ɗaya, da wasu kuka yi makarantar allo.

Wanda ya ɗauki wannan bidiyo ba ɗan wasa ba ne, azzalumi ne. Mai taɓin hankali ba ya iya ba da izini, shari'a ma ta ɗauke masa alƙalami. Mu da ba a ɗauke mana ba, mu ne za a tambaya. Kuma wanda ya tura gaba ba shi da bambanci da wanda ya ɗauka, sai dai shi bai sha rana ba.

Kada kuma wani ya zaci tunda mun faɗi haka, muna tare da masu cewa a kama, a yi bulala, a rufe TikTok a huta. Wannan ma mun gani, kuma mun ga inda ya kai. Kano ta gwada duk wata dabara ta tsoratarwa. A watan Nuwamban 2022 kotu ta sa aka yi wa Mubarak Uniquepikin da Nazifi Muhammad Bala bulala 20 kowannensu, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30. Laifinsu kuwa ba rawa ba ce, ba batsa ba ce, gwamnan wancan lokaci Abdullahi Ganduje suka yi wa shaguɓe. A lura da wannan da kyau: bulalar da aka ce an tanada don gyaran tarbiyya, a kan masu taɓa gwamna ta fi saurin sauka. Wato wawan sarki na gaske shi aka fara zanewa.

Sai Murja Ibrahim Kunya. A 2023 kotu ta sa ta sharar asibitin Murtala. A Fabrairun 2024 Hisba ta sake kama ta, aka kai ta gidan yari, aka yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda ta fita, kotu ta ce a duba lafiyar ƙwaƙwalwarta. Ana cikin wannan ƙura gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki yadda Hisba ke kame, Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye muƙaminsa ranar 1 ga Maris, sai da malamai suka shiga tsakani ya dawo bayan 'yan kwanaki. A 2025 kuma hukumar EFCC ta gurfanar da ita kan wulaƙanta naira. To a gaya mana, bayan duk wannan, sunanta raguwa ya yi ko ƙaruwa? Akwai tsofaffi a ƙauyukanmu da ba su taɓa riƙe babbar waya ba amma sun san sunanta, kuma daga labarin kamun suka sani. Duk shiga kotu talla ce kyauta. Mace ɗaya da waya ɗaya ta girgiza gwamnatin jiha da hukumar Hisba, yaro na kallo, me kuke so ya koya?

Na baya-bayan nan ya fi ba da takaici. A watan Oktoban 2025 wata kotun majistare a Kano ta umarci Hisba ta ɗaura wa Ashiru Mai Wushirya da Basira 'Yar Guda aure cikin kwana 60, saboda bidiyoyin da suka yi tare waɗanda aka ce sun saɓa tarbiyya. Aure fa! Abin da addini ya gina a kan yarda, aka mayar da shi hukunci kamar tara. Ƙungiyar lauyoyin Najeriya ta ce kotu ba ta da wannan hurumi, daga baya Hisba ta fasa bayan da saurayin ya fito ya ce da ma ba son gaskiya ba ne. Wa aka bari da kunya? Yarinyar, wadda da ma ƙanƙantar jikinta ce aka mayar abin jan kallo tun farko. Masu wasa suka yi amfani da ita, masu hukunci suka ƙara, mu masu kallo muka raba bidiyon kowane mataki.

Senegal ta dakatar da TikTok a watan Agustan 2023, Somaliya ma ta sanar da haramta shi a watan. Yara suka koyi zagayawa ta bayan gida cikin kwana biyu. Mu nan da rezon Najeriya ke shigo mana har cikin ɗaka a wasu garuruwan bakin iyaka, wace ƙofa za a rufe?

Amma samari, kada ku ji mun ce kame ba ya magani ku ɗauka ba a kamawa. A nan Nijar dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan, kuma ranar 7 ga Yunin 2024 hukumomi suka dawo da hukuncin ɗauri a cikinta. Ɓata suna ko zagi ta waya, shekara 1 zuwa 3 a kaso da tarar da ta kama daga miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. Watsa abin da zai tayar da hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam, shekara 2 zuwa 5. Muna da ra'ayinmu kan yadda irin wannan doka ke iya zama sanda a kan 'yan jarida da masu faɗar gaskiya, wannan zancen wata rana ne. Abin da muke so ku riƙe yau shi ne kalmar "watsa". Ba sai kai ka ɗauka ba. Kuma ranar da jandarma ya zo, mabiyanka 5,000 ba wanda zai kawo maka ko fura. Tsohonka ne zai sayar da bijimin da yake tattali don kasuwar Maigatari.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce kaso. A watan Nuwamban 2025 a garin Tonka na ƙasar Mali, 'yan bindiga suka ɗauke Mariam Cissé, yarinya mai nuna rayuwar garinsu a TikTok, suka kashe ta a bainar jama'a bisa zargin tana taimakon soja. Ba ta yi hauka ba, ba ta yi batsa ba, Allah ya jiƙanta. Mun kawo ta ne don a san cewa a wannan yanki namu, a irin wannan zamani, sanin fuskarka da gidanka da hanyar da kake bi ba ƙaramin abu ba ne da za ka raba wa duniya a banza.

Daga nan sai a ce mana, to Khaby Lame fa? Madalla, mu ma muna son a kawo shi. Haifaffen Senegal ne, ya tashi a Italiya, ya rasa aikinsa na masana'anta a watan Maris na 2020 lokacin korona, ya fara ɗora bidiyo, a watan Yunin 2022 ya zama wanda ya fi kowa mabiya a TikTok a duniya, daga baya suka haura miliyan 160. Amma ku duba me yake yi. Ba ya ko magana. Mutanen da ke wahalar da kansu wajen yin abu mai sauƙi don neman kallo, su yake yi wa dariya, ya nuna hanya mai sauƙi, ya buɗe hannu biyu. Wato mutumin da ya fi kowa suna a wannan dandali ya samu sunan ne ta hanyar yi wa masu wankan gawayi dariya, rigarsa fes. Sannan yana zaune a ƙasar da kamfanoni ke sa hannu a kwangila su biya. Kuma shi ɗaya ne cikin mutane fiye da biliyan da ke amfani da dandalin. Wanda ya bar gona saboda Khaby, gara ma mai cacar dawaki.

Ba mu ce yaranmu ba su da uzuri ba. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Ci-ranin Najeriya da ya riƙe gidajenmu shekaru aru-aru ya karye tun da naira ta faɗi, cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya taɓa masu sayar da ruwa-ruwa, rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli ya tsayar da kasuwanni har watan Maris na 2024. Saurayi na zaune daga girbi zuwa shuka, wata bakwai, ba aiki, ga waya a hannu, ga wani sa'ansa an ba shi kuɗi saboda ya shiga kwata. In bai yi sha'awa ba ai ba mutum ba ne. Shi ya sa muka ce a daina ganin laifin ɓera kaɗai, daddawa ma da wari.

Warin kuwa daga sama yake fitowa. Alhazan da ke kiran mai tashe su ba shi kuɗi a gaban kyamara, ba tausayinsa suke ji ba, kallon da ke kansa suke saye, talla ce mai araha. A garin alhajin nan akwai yarinyar da ta ci jarrabawar BEPC ta zauna a gida don babu inda za ta sauka a birni ta ci gaba. Akwai mai gyaran famfon sola da ke aiki da aron kayan aiki. Akwai alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba a taɓa ɗaukar hotonsa ba. Su ba sa jawo kallo, saboda haka ba sa jawo kyauta. Duk yaron da ke gefe yana karanta wannan darasi ba tare da an buɗe masa littafi ba. 'Yan siyasa ma haka, da lokacin yaƙin neman zaɓe ya zo a ƙetaren iyaka, masu tashen ake fara nema.

Abin da muke nema ba ya buƙatar doka daga Yamai. Masu riƙe da guruf-guruf na garuruwanmu, ku kuka fi maigari iko a kan abin da ke shiga idon mutane da dare. Bidiyon mai taɓin hankali, ko na tsoho, ko na yaro, ko na matar da aka ɗauka ba ta sani ba, a goge shi nan take, a kira wanda ya turo a waya a yi masa magana, in ya sake a fitar da shi ko ɗan wane ne. Masu rumfar caji da ke tura wa mutane finafinai da waƙoƙi a katin waya, ta hannunku irin waɗannan abubuwa ke isa rugage da ƙauyukan da ko rezo babu, kuna iya cewa wannan ba na turawa. Wanda kuma abu ya ba shi haushi a TikTok, kada ya tsaya yin wa'azi a ƙarƙashinsa, wa'azin nan taki ne, ya wuce kawai, in ya ga zalunci ya danna wurin kai ƙara.

Samarin da hannunsu ke ƙaiƙayin ɗaukar bidiyo kuma, ba mu ce ku ajiye waya ba. Dubban 'yan yankin nan na waje, kuma abin da suke kwana suna nema shi ne labarin gida: nawa tiyar gero a kasuwa wannan mako, nawa buhun riɗi, ina ruwa ya sauka, ina tsutsa ta faɗa wa wake, wace hanya ce ta yanke, yaya fadamun Korama suka yi da rake bana, nawa ake canjin naira. Ku je ku zauna da tsofaffin da suka san tarihin kafuwar garuruwanmu kafin a kai su makwanci da shi. In ban dariya kuka iya, ku yi, ku kwaikwayi dillalin da ke rantsuwa a kan ramammiyar akuya, ku kwaikwayi ɗan ci-ranin da ya yi wata uku a Legas ya dawo wai ya manta Hausa. Duk wanda ya yi irin wannan ya turo mana ta akwatin saƙon shafin nan, za mu ɗora da sunansa da sunan garinsu. Wanda kuma ya turo mana bidiyon wani bawan Allah da aka tsokana a kasuwa, ba za mu ɗora ba, kuma za mu nemi dangin mutumin mu gaya musu daga wace lamba ya fito.